Yaron da ya riƙe gida yana ɗan shekara 17: nazarin wani lamari

Wannan lamari haɗaɗɗe ne. An tattaro shi daga irin abubuwan da malamai masu ba ɗalibai shawara da likitoci ke cin karo da su a kai a kai, aka dunƙule su a kan yaro guda, don haka babu suna kuma babu gari. Abin dubawa shi ne yadda aiki da soyayya da neman sanin kai ke sarƙewa a rayuwar matashi har su kayar da shi, da kuma ta inda ake fara warwarewa.

Abin da ya kawo shi

Malamin lissafi ne ya kawo shi wurin malama mai ba da shawara, kuma ƙara ya kawo, don bai zaci akwai ciwo a ciki ba. Yaron yana ajin ƙarshe na sakandare. A da da shi ake buga misali wajen natsuwa, yanzu sai barci a aji, aikin gida ba ya yi, makinsa ya faɗi zango biyu a jere. Ranar da malamin ya tashe shi daga barci, ya miƙe ya gaya masa maganar da ba a gaya wa na gaba. Ɗakin malamai ya riga ya yanke hukunci: yaro ya fara taɓa kuɗi, ya fara jin kansa.

A gida kuma wani hukuncin aka yanke. Da aka kira mahaifiyarsa, cewa ta yi, "Malama, tun da yarinyar nan ta rabu da shi bai sake zama daidai ba. Ni dai a taimaka a raba shi da wayar nan." Shi kuwa da aka tambaye shi, bai ɗaga kai ba ya ce, "Malama, lafiyata ƙalau. Gajiya ce kawai."

Cikin su ukun, yaron ne ya fi kusa da gaskiya, ko da yake shi ma bai san zurfin abin da ya faɗa ba.

Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya huɗu. Shekara biyu kafin wannan rana mahaifinsa ya ji rauni a baya, aikinsa ya tafi. Yaron yana da shekara 15 ya fara zuwa wurin wani mai gyaran waya, da farko ranar Asabar kaɗai. Hannunsa ya faɗa da wuri, maigidan ya ga amfaninsa, kwanaki suka yi ta ƙaruwa ba tare da wani ya zauna ya ce yau an ƙara ba.

Lissafin yini guda

Malamar ba ta fara da maganar damuwa ba, ba ta kuma fara da yarinyar ba. Ta bi wani tsarin hira da likitoci biyu a Amurka, Goldenring da Cohen, suka wallafa a 1988, inda ake farawa da abin da ya fi sauƙin faɗa, wato gida da makaranta da aiki da abokai, sai yaro ya saki jiki sannan a shiga shaye-shaye da soyayya da tunanin kashe kai. Tambayar da ta buɗe lamarin mai sauƙi ce: "Ba ni labarin jiya, daga tashi har kwanciya."

Ya tashi ƙarfe 5:30. Makaranta har 2. Daga 3 yana wurin aiki har 9, wani lokaci ya wuce. Ranar Asabar awa 10. Da aka haɗa, awa 40 ne a mako, aikin babban mutum cikakke, an ɗora shi a kan karatun ajin ƙarshe. Yana isa gida wajen 10, ya buɗe littafi idonsa na rufewa, ya kwanta barci ya ƙi zuwa, ya ɗauki waya har 1 na dare. Barcinsa bai kai awa 5 ba. Don ya iya tsayuwa da yamma yana shan abubuwan da ke hana barci, su kuma su bi shi har gado.

Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare. Yaron nan yana samun kusan rabin haka. Akwai kuma abin da iyaye da yawa ke ɗauka taurin kai ne alhali halitta ce. Binciken Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ya nuna cewa da zarar balaga ta kama, agogon jiki yana ja baya, sinadarin melatonin da ke kawo barci yana makara wajen fitowa da dare. Matashi ba ya jin barci da wuri, makaranta kuma ba ta jira shi da safe. Wayar da mahaifiyarsa ke zargi tana da nata laifin, amma da za a ƙwace ta a bar sauran yadda suke, zai kwanta ne kawai yana kallon rufi.

Aikin

A nan ya kamata a yi hattara, domin sauƙin da ke akwai shi ne a ce aiki ne ya lalata yaro. Masana sun daɗe suna jayayya a kan haka. A shekarun 1980 Ellen Greenberger da Laurence Steinberg suka nazarci ɗaliban sakandare masu aiki a Kalifoniya, suka ga waɗanda ke yin awoyi masu yawa sun fi raguwar maki da shaye-shaye. Daga irin waɗannan binciken ne aka riƙe awa 20 a mako a matsayin iyakar da in an wuce ta matsala ke yawaita. Jeylan Mortimer kuma ta bi ɗalibai kimanin 1,000 a jihar Minesota tun daga 1988 har suka girma, ta ga aiki madaidaici mai ɗorewa yana ƙara wa yara yarda da kai da iya tsara lokaci, kuma irin aikin yana da muhimmanci kamar yawansa. Wasu masanan sun ƙara da cewa yaran da ke tsunduma cikin aiki galibi sun riga sun yanke ƙauna da makaranta tun kafin su fara. Wannan bai shafi yaronmu ba, tunda takardun sakamakonsa sun nuna sai da awoyin suka ƙaru sannan makin ya faɗi.

Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 138, ta 1973, ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aiki a galibi, 18 kuma ga aiki mai haɗari. A wannan ma'auni babu wanda zai kalli ɗan shekara 17 mai gyaran waya ya ce an ci zalinsa. Shi ya sa irin wannan lamari ke wucewa ba a gani.

Maigidan nasa ba mugu ba ne, kuma yaron yana girmama shi. Amma da aka bi diddigi sai aka ga abubuwa uku. Lokacin tashi ba ya hannun yaron, sai mai waya na ƙarshe ya tafi. Idan waya ta lalace a hannunsa, a ladansa ake cirewa. Idan ya yi kuskure, a gaban jama'a ake masa faɗa. Robert Karasek ya bayyana tun 1979 cewa aikin da ya fi cin rai shi ne wanda ake bukatar abu mai yawa daga mutum amma ba shi da ta cewa a kan yadda zai yi shi. A kan manya aka gina wannan bayani, sai dai yaro ya fi babba rashin ta cewa, domin ba ya iya buɗe baki ya ce wa maigida yau ba zan iya ba. Da malama ta tambaye shi ko ya taɓa neman a sallame shi da wuri lokacin jarrabawa, kallon mamaki ya yi mata. "Malama, ai taimakona yake yi. Da wane baki zan faɗa?"

Duk da haka, idan yana maganar aikin kansa, ba awoyin ba, fuskarsa tana canzawa. Ya ba ta labarin wata waya da ta faɗa ruwa, wadda maigidan ya ce ta mutu, shi kuma ya tayar da ita. A duk zaman farko, nan ne kaɗai ya yi murmushi. Malamar ta rubuta wannan ta ajiye.

Yarinyar

Sa'arsa ce, sun yi kamar shekara guda tare. Ita kaɗai ya taɓa gaya wa cewa yana tsoron kada mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa a kwance. Abokansa na ƙwallo sun daina nemansa tun da ya daina zuwa, zanen da yake yi a da ya bari. Ya rage ita.

Manya suna da halin raina rabuwar yara, su ce soyayyar ƙuruciya ce, gobe zai manta. Bincike bai goyi bayan wannan rainin ba. Scott Monroe da abokan aikinsa, da suka yi nazari a kan ɗaliban sakandare a jihar Oregon, sun wallafa a 1999 cewa rabuwa da masoyi tana cikin abubuwan da ke hasashen kamuwa da ciwon damuwa karo na farko a wurin matasa. To mahaifiyar ba ta yi kuskure ba da ta ga alaƙa.

Inda ta kuskure shi ne wane ya riga wane. Malamar ta zana layi a takarda, suka bi watanni da baya tare da yaron. Rabuwar ta faru wata biyu kafin a kawo shi. Amma rashin barci, da daina jin daɗin komai, da saurin fushi, sun fara kamar wata huɗu kafin rabuwar, daidai lokacin da aiki ya koma na kullum. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda ya koma: ba ya samun lokacin ganinta, amma ƙarfe 12 na dare zai tura saƙo, in ba ta amsa ba ya bi da wani. "Na ga kin karanta, me ya hana ki amsa? Da wa kike magana?" Da safe ya ba da haƙuri, da dare ya maimaita. Ta jure har ta gaji.

Constance Hammen ta yi bayanin wannan a 1991: mai ciwon damuwa ba jiran masifa kaɗai yake ta faɗo masa ba, halin da ciwon ke jefa shi yana haddasa saɓani da na kusa da shi, saɓanin kuma ya ƙara ciwon. Faɗin haka ba ɗora wa yaron laifi ba ne, kuma yarinyar ma ba ta da laifi. 'Yar shekara 17 ba za ta iya zama uwa da abokiya da likita ga mutum guda ba. Amfanin gane tsarin shi ne a san cewa da za ta dawo gobe, abin da ya kore ta yana nan.

Shi wane ne

Erik Erikson, wanda aka haifa a Jamus a 1902 ya yi aikinsa a Amurka, shi ya yaɗa ra'ayin cewa babban aikin shekarun samartaka shi ne mutum ya gano ko shi wane ne, me ya yarda da shi, ina ya dosa. A 1966 James Marcia ya mai da wannan abin da za a iya aunawa da tambayoyi biyu: shin matashin ya bincika hanyoyi daban-daban, kuma shin ya tsaya a kan ɗaya? Akwai wanda bai bincika ba bai kuma tsaya ba. Akwai wanda ke tsakiyar bincike. Akwai wanda ya bincika ya zaɓa. Sai na huɗu, wanda ya tsaya daram a kan hanya ba tare da ya taɓa leƙa wata ba, domin an miƙa masa ita ne ko yanayi ya ɗora masa.

Yaron nan na huɗun ne. Yana ɗan shekara 15 aka wayi gari ya zama mai riƙe gida, kuma ya karɓa da hannu biyu. Malama ta tambaye shi, "Da a ce gobe Baba ya warke ya koma aiki, aka ce ka huta, me za ka so ka yi?" Ya yi shiru mai tsawo. Ya ce, "Ban taɓa tunani ba." Can kuma ya ce, "A da ina cewa injiniya zan karanta. Amma wannan maganar yara ce."

Ni ban yarda da masu karanta Marcia kamar duk wanda ya karɓi hanyar da ya tarar yana da naƙasu ba. Mutane da yawa sun gaji sana'a ko nauyin iyali ba tare da wani dogon bincike ba, kuma sun yi rayuwa mai ma'ana. Binciken da aka yi a kan waɗannan rukunai ma ya nuna masu irin wannan tsayuwa galibi sun fi masu tsakiyar bincike ƙarancin fargaba. Ɗaukar nauyin iyaye abin alfahari ne, kuma malamar ba ta taɓa nuna masa akasin haka ba. Matsalar ita ce nauyin ya cinye duk sauran wuraren da yake ganin kansa a cikinsu. Ɗalibi mai ƙoƙari ya tafi, ɗan ƙwallo ya tafi, mai zane ya tafi, aboki ya tafi. Tukunya a kan duwatsu uku take zama, shi kuwa tasa a kan biyu take, mai riƙe gida da saurayin wance, sai aka zare ɗaya.

Shi ya sa kalamansa game da rabuwar ba su tsaya a kan kewa ba. Cewa yake, "Ita da ta san ni ciki da waje ta gudu. To ni ba kowa ba ne." A wannan shekarun ra'ayin sa'o'i yana da nauyin da ba ya da shi a yarinta ko a girma, kuma ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa zuciya birki da hangen nesa, ba ya gama nuna sai an shiga shekaru ashirin da wani abu. Hukuncin mutum guda sai ya zama masa kamar hukuncin duniya.

Auna haɗari

An ba shi takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda makinta ke tashi daga 0 zuwa 27. Ya samu 17, wato cikin rukunin 15 zuwa 19 da ake ɗauka damuwa mai ɗan tsanani. Takardar ba ita ke tabbatar da ciwo ba, tana nuna a duba ne. Likita ya duba, ya tabbatar alamomin sun wuce mako biyu nesa ba kusa ba, ya gwada jini don kawar da ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo, ya tambayi shaye-shaye, ya kuma tambaya ko an taɓa ganin lokacin da yaron ya yi kwanaki ba barci yana cike da kuzari fiye da kima, domin wannan wani ciwon ne daban mai magani daban. Babu ko ɗaya. Ya kuma yi wa iyayen bayanin abin da malamai suka kasa ganewa: a wurin matasa ciwon damuwa sau da yawa da fushi da ƙunci yake fitowa, ba da kuka ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shekara 15 zuwa 29. Binciken Ronald Kessler na 2005 a Amurka ya nuna rabin irin waɗannan cututtuka sun riga sun fara kafin a wuce shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin a wuce 24.

Malama ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Mutane suna tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar za a sa wa yaro abin a zuciya. Madelyn Gould ta gwada wannan a 2005 a kan ɗaliban sakandare sama da 2,000 a jihar New York, ba ta ga tambayar ta ƙara tunanin ba. Amsar yaron ita ce, "Wasu daren ina jin da ban farka ba da na huta. Amma wa zai riƙe su?" Bai tsara komai ba, bai taɓa gwadawa ba.

A wannan jimla tasa duk lamarin ya taru. Nauyin da ke murƙushe shi, shi ne kuma ke riƙe shi a duniya. Duk shirin da zai cire masa nauyin gaba ɗaya a dare guda yana iya cire masa dalilin farkawa.

Tun farkon zama malamar ta gaya masa cewa sirrinsa yana hannunta, sai dai abin da ya shafi ransa. Don haka ta ce dole iyayensa su sani, ta ba shi zaɓi: ya faɗa da kansa tana zaune, ko ta faɗa yana zaune. Ya zaɓi na biyu. Suka rubuta shirin kariya irin wanda Barbara Stanley da Gregory Brown suka tsara: alamomin da ke nuna dare ya fara muni, abin da zai yi da kansa don ya lafa, mutanen da zai kira bi da bi, lambar asibiti, da kuma kawar da magunguna da duk abin cutarwa daga inda hannunsa zai kai.

Abin da aka yi

Zama da iyayen bai yi daɗi ba. Mahaifiyar, da ta ji maganar rashin farkawa, ta fashe da kuka ta ce, "Ya bar aikin nan yau ɗin nan. Allah zai rufa asiri." Yaron ya miƙe tsaye. "Mama, in na bari me za a yi? Ke ma kin sani." Mahaifin bai ce komai ba har aka kusa tashi, sannan ya ce, "Malama, ni na jawo masa." Sai a nan aka gane cewa uban da ɗan sun yi kusan shekara biyu ba su yi wata magana mai tsawo ba. Uban kunya ke hana shi, ɗan kuma yana gudun kada ya fama masa ciwo.

Malamar ta roƙi iyayen abu ɗaya: su zauna da shi su nuna masa ainihin lissafin gida. Bai taɓa gani ba. Yana miƙa abin da ya samu ne kawai, sauran ya cike da tsoro. Da aka baje lissafin, sai ya ga gudummawarsa tana da muhimmanci amma ba ita ce duka ba. Akwai abin da mahaifiyar ke samu, akwai wani ɗan'uwan mahaifinsa da ke taimakawa a kai a kai. Shekara biyu yana ɗauke da gidan da ya fi na gaske nauyi.

Maganin da aka zaɓa shi ne na tattaunawa mai mai da hankali kan hulɗa da mutane, wanda Gerald Klerman da Myrna Weissman suka fara a shekarun 1970, Laura Mufson ta Jami'ar Columbia kuma ta daidaita shi don matasa, zama ɗaya a mako har mako 12. Ya dace da lamarin domin biyu daga cikin abubuwan da yake aiki a kansu su ne sauyin matsayi da saɓani da na kusa, kuma yaron yana da duka biyun. An yi maganar ƙwaya ma. A babban gwajin da aka wallafa a Amurka a 2004 a kan matasa 439, bayan mako 12 kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa ƙwayar maganin damuwa mai suna fulokzetin da tattaunawar gyaran tunani sun samu sauƙi, kimanin 61 a ƙwayar kaɗai, 43 a tattaunawar kaɗai, 35 kuma a ƙwayar da babu magani a cikinta. A shekarar ce kuma hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi cewa irin waɗannan ƙwayoyi na iya ƙara tunanin kashe kai ga wasu yara, musamman a farkon sha, don haka sai da sa ido. Likitan ya zaɓi a fara da tattaunawa da gyaran barci da rage aiki, a sake dubawa bayan 'yan makonni, tunda karo na farko ne kuma abubuwan da ke hura wutar a bayyane suke. Da wani likitan ya fara ƙwayar tun ranar, ba za a ce ya yi kuskure ba.

Mafi wahala shi ne maganar maigida. Mahaifin ya ce zai je, malamar ta ce a bar yaron ya fara, uban ya raka shi. Sun yi zama biyu suna gwaji, ita ce maigida, shi yana neman ragi. Karon farko ko jimla ɗaya bai iya ƙarasawa ba, sai ba da haƙuri yake. A ƙarshe ya iya cewa, "Oga, jarrabawa ta matso kuma likita ya ce in rage. Ina son in ci gaba da aiki a wurinka. Zan iya yamma uku, in tashi ƙarfe 7, da rabin Asabar." Maigidan ya yi 'yan ƙorafe-ƙorafe ya yarda, don ba ya son rasa hannu irin wannan. Awa 40 ta koma 17. Lada ma ya ragu, kuma gidan ya ji a jikinsa. Mahaifin ya karɓi wani ɗan aiki na zaune da a da yake rainawa.

Sauran ƙanana ne. An tsayar da lokacin kwanciya, abin hana barci ya tsaya daga azahar, waya tana kwana a wani ɗaki bisa yardarsa. Ya koma ƙwallo sau ɗaya a mako, ba don yana so ba, domin a wannan ciwo sha'awa tana biyo bayan yi ne. Ya ba malamin lissafi haƙuri, malamin kuma, da ya ji abin da yaron ya yarda a gaya masa, ya sa shi yana taimaka wa 'yan ƙaramin aji sau ɗaya a mako.

A mako na biyar ya ga yarinyar tare da wani. A daren ya ɗauko wayar, ya tura mata saƙonni rututu, ya yi kwana biyu bai je makaranta ba. Amma a dare na biyu ya buɗe takardar shirin, ya ga sunan farko, ya je ya tashi mahaifinsa. Suka zauna har asuba. Makinsa na PHQ-9 ya sake hawa a wannan makon, likita ya ce in bai sauka cikin mako biyu ba za a fara ƙwaya. Ya sauka. A zaman da ya biyo baya aka yi aiki a kan abin da bai taɓa yi ba, wato ya yi baƙin cikin rabuwar a matsayin rashi, ba a matsayin shaidar cewa shi ba kowa ba ne. Ya rubuta mata saƙo ɗaya na ban haƙuri a kan yadda ya riƙa takura mata, bai nemi amsa ba, ita ma ba ta amsa ba.

Inda aka tsaya

A mako na 12 makinsa na PHQ-9 ya sauka zuwa 7. Yana barcin kusan awa 7, wanda har yanzu bai kai abin da ake so ba. Tunanin rashin farkawa bai dawo ba tun bayan mako na biyar. Makin makaranta ya ɗaga amma bai koma yadda yake a da ba, kuma zango biyun da suka wuce sun bar giɓi a lissafi da ba za a cike kafin jarrabawa ba.

Wani sabon abu kuma ya ɓullo wanda mahaifiyar ba ta ji daɗinsa ba. Yaron da a da ba ya tambaya, yanzu yau ya ce injiniya, gobe ya ce zai buɗe wurin gyara nasa, jibi ya ce me ya sa shi kaɗai aka ɗora wa. Ta ce wa malama, "Kun gyara barcin, kun ɓata mini kansa." A ma'aunin Marcia ya tashi daga mai tsayuwa ba bincike zuwa mai tsakiyar bincike, kuma wannan matsayi ne da ke zuwa da rashin natsuwa. Malamar ta yi mata bayanin yadda za ta bambanta wannan da dawowar ciwon: a duba barci, a duba ko yana fita wurin abokai, a duba ko fushin ya koma na kullum.

Ciwon damuwa da ya fara a samartaka yana yawan dawowa, don haka aka tsara zama sau ɗaya a wata na wata shida, aka kuma rubuta a shirinsa cewa alama ta farko ita ce awoyin aiki su fara hawa ba tare da an zauna an yanke ba. Maigidan ya riga ya yi masa tayin komawa aiki cikakke da ƙarin lada da zarar ya gama jarrabawa. Yaron ya ce zai ba da amsa bayan sakamako ya fito, kuma ya nemi mahaifinsa ya halarci zaman da za a tattauna maganar.